Dafi da Guba a Ɗakin Magani



Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa malamin Hausa da zancen asibiti? To, Bahaushe ya bambanta guba da dafi. Guba ita ce wadda ake ci ko a sha, dafi kuwa shi ke shiga jini ta tsinin kibiya ko haƙorin maciji. Asibiti yana tattare da su duka biyu, sai dai dafinsa a bakin allura da aska yake.

A 1969 aka gano zazzaɓin Lassa, bayan ya kashe ma'aikatan jinya biyu a asibitin mishan na Jos. A 1970 likitar wurin, Dokta Jeanette Troup, ta yanke a hannu tana binciken gawa, ita ma ta rasu. Bayan shekara hamsin, watau a Janairun 2020, cutar nan ta kashe likitoci biyu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Waɗannan fa masana ne, sun san abin da suke taɓawa. To, ina ga mai shara a ɗakin shan magani na ƙauye irin Barkiya ta ƙasar Kurfi, wanda shi ke kwashe auduga mai jini da tsofaffin allurai? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 15 cikin ɗari na sharar asibiti mai haɗari ce. Allurar da aka yi wa mai ciwon hanta nau'in B, in ta soki wanda bai yi rigakafi ba, haɗarin kamuwa yakan kai kashi 30 cikin ɗari. Amma galibin gargaɗin da ke jikin kwalabe da kwalaye da Turanci yake, harshen da bawan Allah nan bai karanta ba. A ganina wannan sakaci ne, domin maganar ba ta fi ƙarfin Hausa ba.

Ga ta: kada a mayar wa allura murfinta bayan an yi aiki da ita, a jefa ta cikin kwalin da aka tanada, sa'an nan a rufe shi tun bai cika ba. Kada a zuba ruwan kashe ƙwayoyin cuta a kwalbar lemo. In allura ta soki mutum, ya wanke da ruwa da sabulu, kada ya tsotsa yadda muka saba yi wa ƙaya, ya kuma faɗa wa likita nan take, gama maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi. A nan ne kunya da tsoron faɗan manya sukan sa ƙaramin ma'aikaci ya yi shiru, har lokaci ya ƙure.

Saboda haka ina roƙon ɗalibanmu na nan Dutsin-Ma su rubuta waɗannan ƙa'idoji da boko da ajami, jami'an lafiya na ƙananan hukumomin Kurfi da Dutsin-Ma kuwa su sa a liƙa su daidai inda ake ajiye tsintsiya da bokiti.