HARAJI BA YA MUTUWA, RIGA YAKE SAKEWA

Dattawa ku yi mini aikin gafara. Iyayenmu mata da ke can bayan rumfa ku matso, zancen yau na bakin zanenku ne.

Ku Gobirawa ba mai koya muku haraji, gadonsa kuka yi. Wajen 1788 Shehu Usmanu ya tsaya gaban Bawa Jan Gwarzo a Magami, aka ba shi dukiya ya ƙi, cikin abin da ya roƙa har da a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Alkalawa ta faɗi a 1808, sarauta ta sake hannu, mai karɓa bai ɓata hanya ba. Bature ya zo a 1903 da takarda da tawada, watau a yi maka ƙwal kwabo kuma a ba ka shaida. Sa'an nan shi da Faransa suka ja layi suka raba Gobir biyu, wa a Tsibiri yana biya da tamma, ƙane a nan yana biya da sule. NEPU ta tashi a 1950, aka sha bulala da ɗauri, har a 1979 Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Aka yi guɗa. Ashe kura daji ta shiga sake riga.

Ta komo a kan babur. A 2021 'yan bindiga suka aza wa ƙauyukan Sabon Birni da Isa kuɗi, kafin a yi noma a biya, kafin a yi girbi a biya, wani wuri har suka naɗa nasu masu gari. Kun ga En'e ke nan sosai, alƙali da ɗan doka duk mutum guda, ofis kaɗai ya rage. Ba sa ba da rasit, amma ba su taɓa makara ba. Abin da na gani ke nan kaɗai a ƙasar nan da ke zuwa a kan lokaci.

To, wane magani aka yi mana? A shekarar 2021 aka rufe kasuwannin dabbobi, aka yanke waya, aka ƙayyade mai. Maciji ya shiga ɗaki, sai aka kulle ƙofa da mai ɗaki a ciki. Ɗan tireda ya cinye jarinsa, ɓarawo ko ramewa bai yi ba. A watan Disamba aka ƙone matafiya cikin mota. Manya suka yi tir, suka yi ta'aziyya. Ta'aziyya dai ba ta taɓa yankewa a ma'ajin gwamnati.

Kada wani ya ce sarauta garkuwa ce. A 2024 aka kama Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya roƙi taimako duniya tana kallo, ya rasu a hannunsu. Allah ya jiƙansa. In rawani bai tsare kai ba, ina hular saƙi?

Yanzu bari in taɓa mu, kowa ya riƙe fushinsa. Wa ke kai musu mai da burodi? Aljanu? Wa ke faɗa musu wane ya sayar da sa ranar kasuwa? Kuma ranar zaɓe mutum ya ba da shekara huɗu a bakin taliya da sabulu. Ko akuya ce ai ka yi ciniki, ka duba haƙori.

Kasuwa mai zuwa kowane ƙauye ya aiko mutum biyu da lissafin abin da aka karɓa wurinsu, da ranar da aka karɓa. Za mu rubuta, mu kai Sakkwato. Wanda bai iya boko ba ya yi da ajami.