Idan Babur Ya Ƙi Tashi: Yadda Ake Bin Sawun Wuta

Jawabi ga manoma da 'yan acaɓa masu babur a karkara



Babur ya zama jakin wannan zamani. Shi ke kai buhu kasuwa, shi ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Ranar da ya ƙi tashi a ƙauyen da babu makanike, sai mai shi ya yi ta buga kik har gumi ya jiƙa masa riga. Daga nan sai 'yan kallo su fara ba da shawara: wannan ya ce kwayil ne, wancan ya ce si-di-ai ne. Mutum ya tafi birni ya sayo kaya, ya dawo ya ɗaura, babur kuma yana nan yadda yake. Sau da yawa abin da ya lalace bai wuce waya ɗaya da ta kwance ba.

Wutar babur hanya gare ta. A yawancin ƙananan baburan yanzu tana tasowa daga maganeto, ta bi ta cikin akwatin si-di-ai, ta shiga kwayil, ta fito ta babbar waya zuwa fulogi. Mai neman laifi ya fara daga fulogi ya riƙa komawa baya, domin nan ne kayan suka fi araha, kuma nan suka fi lalacewa. Amma kafin komai, a leƙa tanki, a duba ko famfon mai a buɗe yake, a kuma duba ɗan makunnin kashe inji da ke hannun dama, idan babur ɗin yana da shi. Yara suna son taɓa shi.

A kwance fulogi a dubi bakinsa, domin yana ba da labarin abin da ke faruwa a ciki. Idan launinsa ƙasa-ƙasa ne kuma a bushe, inji lafiya lau. Idan baƙi ne kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa, ko matatar iska ta toshe da ƙura, abin da ba ya wuya lokacin hunturu. Idan ya yi danƙo da baƙin mai, to ringi ne suka cinye, wannan kuwa aikin makanike ne. A goge bakin da burushi. Tazarar da ke tsakanin haƙoran biyu, a babura irin Honda CG 125, ita ce milimita 0.6 zuwa 0.7. Akwai lamba a jikin kowane fulogi. A karanta ta, a sayi irinta, domin wanda ya fi tsawo yana iya taɓa kan fistin.

Sai gwaji. A mayar da fulogin cikin hularsa, a jingina ƙarfensa a jikin inji, a buɗe makulli, a buga kik. A nan akwai gargaɗi biyu. A riƙe hular ta wajen roba da busasshen tsumma, domin wutar kwayil tana girgiza mutum har kafaɗa. Kuma kada a yi gwajin a bakin ramin fulogin ko inda fetur ya zube. Tartsatsi shuɗi mai ƙara shi ne lafiyayye. Idan an same shi, a bar wayoyi su huta, a koma wajen mai da kafireta. Ja ko rawaya mai rauni, ko babu ko kaɗan, a gwada wani fulogin. Shi ya sa ya kamata kowane mai babur ya riƙa tafiya da guda ɗaya da sifanarsa.

Idan sabon ma bai kawo ba, a murɗe hular a cire, a kusantar da bakin babbar wayar kusa da jikin inji, tazarar kamar kaurin tsinken ashana biyu ko uku. Idan wuta ta yi tsalle, hular ce ta mutu. Da damina ma sau da yawa ruwa ne kawai ya shiga cikinta. Idan bakin wayar ya yi tsatsa, a datse kaɗan a sake murɗawa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne makulli ma yana ɗauke wuta. A Honda da baburan Sin da suka kwaikwayi tsarinta, koriyar waya ita ce at, wato wadda ke haɗe da jikin babur. Baƙa mai ratsin rawaya tana zuwa kwayil. Baƙa mai ratsin fari kuwa ita ce ta kashe inji: idan an rufe makulli, sai ya haɗa ta da at, wuta ta zube. To idan makulli ya sha ruwa ko ya cinye, yana iya riƙe ta a haɗe ko da an buɗe shi. A zare wannan waya daga si-di-ai a buga kik. In wuta ta dawo, an kama ɓarawo, kuma ba a kashe ko kwabo ba. Sai dai a tuna cewa makulli ba zai kashe injin ba sai an mayar da ita. Launukan wasu kamfanoni sun bambanta, don haka kada a yanke waya da ka.

Wurare uku ne waya ta fi tsinkewa: wuyan babur inda kai ke juyawa, ƙarƙashin tanki, da inda at ke ɗaure da ƙarfe ya yi tsatsa. Wanda ke ajiye babur a ɗakin hatsi ya ƙara da na huɗu, wato duk inda ɓera ya ga dama. A bar inji yana aiki a riƙa motsa wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Inda ya yi tari, nan ne.

Babur da ke tafiya lafiya da safe, ya mutu idan ya yi zafi, ya sake tashi bayan ya huce, galibi kwayil ne ko naɗin wayar maganeto ya fara gajiya.

Maganar sigina da ham dabam ce, ta batir ce da fis. Batir ɗin yawanci mai bolt 12 ne. Idan kawunansa sun yi farin gari, a cire wayar da ke da alamar ɗebewa tukuna, a wanke su da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, a shanya, a ɗaure tamau. Fis kuwa an yi shi ne domin ya ƙone a madadin sauran wayoyi. Idan ya ƙone, a karanta lambarsa, 10 ce ko 15, a sa irinta. Idan sabon ya sake ƙonewa nan take, wata waya ce ta ɓare tana taɓa ƙarfe, sai an nemo ta an naɗe da tef. Masu cusa ƙyalƙyalin kwalin sigari ko guntun waya a gurbin fis suna yi wa kansu mugunta, domin wayoyin za su narke, kuma a ƙarƙashin tankin fetur suke.

Sai an bi duk waɗannan ne za a zargi si-di-ai. Ko a nan ma, gara a aro na wani babur irinsa a gwada kafin a saya. Iri biyu ne: wani daga maganeto yake shan wuta, wani daga batir, kuma ɗaya ba ya aiki a gurbin ɗaya ko da bakinsu ya yi kama. Mai zuwa kasuwa ya tafi da tsohon a aljihu, ya ƙirga haƙoransa a gaban mai shago.