Jawabin Tsohuwar Uwar Zumunta a Bikin Rantsar da Sabbin Shugabannin Zumuntar Mata Katolika



 

Sabuwar Uwar Zumunta, mataimakiyarta, magatakarda, ma'aji da shugabar waƙa, 'ya'yana, yanzun nan kuka durƙusa gaban bagade Fada ya sa muku albarka. Kafin a buga tulu a tashi rawa, ina so ku san girman abin da kuka karɓa. Mutane da yawa suna ɗauka cewa kiran Allah na firistoci ne da sistoci kaɗai, mu sauran kuwa 'yan rakiya ne, mu share majami'a, mu dafa abincin baƙi, mu koma gida. Ikilisiya ba ta koyar da haka ba. Babban taron bishop-bishop na Batikan na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya bayyana cewa duk wanda aka yi wa baftisma an kira shi ga tsarki, yana kuma da rabo cikin aikin Almasihu. Taron ya ce gida ma ƙaramar ikilisiya ce, uwa da uba su ne masu wa'azin farko ga 'ya'yansu. A 1988 Fafaroma Yohanna Bulus na biyu, wanda ya taka ƙasar Kaduna a 1982, ya sake jaddada wannan a wata doguwar wasiƙa kan masu bi. Saboda haka kiranku ya fara tun ranar baftismarku. Kujerar yau ƙarin nauyi ce a kan wanda kuke ɗauke da shi tuntuni.

Bari in ba ku labarin wata mace. Sunanta Biktoriya Rasoamanarivo, 'yar babban gida a tsibirin Madagaska. A 1883 yaƙi ya ɓarke tsakanin ƙasarta da Faransa, aka kori firistocin mishan duka. Aka zuba ido a ga Katolika sun watse. Masu gadi suka tsare ƙofar majami'a, ita kuwa ta je ta tsaya a gabansu, ta kai maganar har fadar sarauta, sai da aka buɗe. Ita da wani brada mai suna Rafa'el Rafiringa da ƙungiyar matasa suka riƙe jama'a. Ana taruwa ran Lahadi, ana addu'a, ana koya wa yara katikisim, ana kai taimako ƙauyuka. Da firistoci suka dawo a 1886, ikilisiyar na nan da ranta. Sauran shekarunta ta ƙare su wajen 'yan kurkuku da kutare da matalauta. A 1989 aka ɗaga ta zuwa matsayin Mai Albarka. Matar aure ce kamar mu, ba ta taɓa sa rigar sista ba.

Mu ma a nan Arewa mun san irin wannan. Tun da firistocin mishan suka sauka Shendam a 1907, ba a taɓa samun isassun firistoci ga dukan ƙauyukanmu ba. Akwai majami'un da Fada ba ya isa sai bayan makonni, in damina ta cinye hanya ma sai an haƙura. Wa ke buɗe ƙofa? Katikis da matan zumunta. Wa ke zama da mai naƙuda, wa ke kwana gidan makoki? Ku ne. A 2023 aka kafa dayosis na Katsina, aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, bishop na farko. Duk wanda ya ga wannan rana ya tuna da iyaye mata da suka koya wa yara alamar gicciye tun ba su iya magana sosai ba.

Abin da nake tsoro a gare mu shi ne hidima ta cinye addu'a. Muna da waƙa, muna da anko, muna da taro a nan da can, duk suna da kyau, ni ma ina son su. Amma na ga zumunta tana ɓata awa biyu kan kalar zani da kuɗin mota, addu'a kuwa minti biyar a gurguje. Uwar Zumunta, ki fara kowane zama da Maganar Allah, a karanta a hankali, a bar ko tsohuwar da ba ta iya karatu ba ta faɗi abin da ta ji. Ku riƙe Rosari a gidajenku, musamman a watan Mayu da Oktoba, tare da yara, ko maigida ya zauna ko bai zauna ba. Ku je wurin furta zunubi kafin ku aiki wata. Shugabar da ta daina addu'a, ba a daɗewa sai a ji tsawa ta yi yawa a bakinta.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. In mace ta yi Lahadi biyu ba a gan ta ba, kada a aika mata da takardar tara. A je gidanta. Wataƙila ba ta da kuɗin wata ne take jin kunya, wataƙila gidan ba lafiya. Kada kabila ta raba mu, kada a ware matar ma'aikaci a gaba a bar matar manomi a baya. Abin da 'yar'uwa ta faɗa miki da hawaye, ya tsaya a wurinki.

Ma'aji, 'yata, naki ya fi na kowa haɗari. Kuɗin nan na gwauraye ne da masu tallan ƙosai. Ki rubuta kowace naira, ki karanta a gaban kowa a ƙarshen wata, ko an tambaya ko ba a tambaya ba.

Hidimarmu kuma ba ta tsaya a bakin ƙofar majami'a ba. A garuruwanmu akwai waɗanda 'yan bindiga suka kora daga gonakinsu, akwai marayun da kuɗin makaranta ya gagara, akwai marasa lafiya a asibiti da babu mai kai musu kunu. Kada ku tambayi addinin mai yunwa kafin ku miƙa masa kwano. Maƙwabciyarki Musulma in ta haihu ki je barka, in ta yi rashi ki je gaisuwa, kamar yadda iyayenmu suka yi.

Ga mazajenmu da ke zaune nan, roƙo ɗaya gare ni: ku bar su su fito, ku kuma riƙe gida in sun fita. Fada, muna roƙonka ka ci gaba da koyar da su, ka kuma saurare su, domin sun san abin da ke faruwa a gidajen da ƙafarka ba ta kai ba.

Ni da waɗanda muka sauka yau muna nan, ba mu bar zumunta ba. Ga littafin suna, ga littafin kuɗi, mun miƙa su cikakku. 'Yan'uwa mata, ku tashi tsaye mu yi wa sabbin shugabanninmu addu'a, sannan Fada ya rufe mana da albarka.