Jawabin Shugabar Mata: A Sa Ɗiyanmu Mata Cikin Koyon Kanikanci

Iyayena, yayyena da ƙannena matan jam'iyya na Tambuwal da Kebbe, ina gaishe ku da ƙoƙari. Wadda ba ta samu zuwa taro ba, ga abin da na faɗa. Don Allah a tura wa matan kowace mazaɓa.

Kwanan baya mun fito ta'aziyya daga Kebbe, mu biyar cikin mota, duk mata, ƙanwata ke tuƙi. Ba mu kai Tambuwal ba fanbel ya tsinke, mota ta ɗau zafi. Kun dai san halin da hanyoyinmu ke ciki idan rana ta yi sanyi. Munka zauna bakin hanya muna ta salati har kusan magariba, kafin a samo yaron gareji bisa kabu-kabu. Aikin da ya yi bai kai rabin awa ba. Wallahi ko sunan abin da ya tsinke babu wadda ta sani cikinmu sai da ya faɗa.

Tun ran nan nake tunani. Duk tallafin da anka kawo muna, keken ɗinki ne, injin taliya, sabulu da man shafawa. Mun gode, amma unguwa guda tela goma, wa zai kai wa wani ɗinki? Ga motoci na bin hanyar Sakkwato zuwa Jega dare da rana, ga babura, ga injin ban ruwa a fadama, ga injin markaɗe cikin gidajenmu. Duk ranar da ɗaya ya tsaya, kuɗin gyara hannun maza yake zuwa.

Kada wata ta ce wanga abu na Turawa ne. Nan cikin garin Sakkwato, ƙungiyar Nana ta Dakta Fatima Adamu ta buɗe garejin da mata ke aiki, suna juyen baƙin mai, suna gyaran birki, da lulluɓinsu. A Legas kuwa tun 2004 Sandra Aguebor ta kafa Lady Mechanic Initiative tana koya wa mata kanikanci.

Na san abin da za a ce: namiji ba zai auri mai baƙin mai a hannu ba, kuma gareji wurin maza ne. Ta farko, sabulu na wanke ta. Ta biyu gaskiya ce, ni ma ba zan kai ɗiyata ta zauna tsakiyar samari ba. Shi ya sa muke neman wuri na mata, da katanga, da wurin salla, a tashi kafin la'asar sakaliya, kuma da yardar uba ko miji. Sutura ma a kula: riga mai yalwa da hijabi gajere da za a cusa ciki, don dogon hijabi kusa da injin da ke juyawa haɗari ne. Mu da muke barin yarinya ta ɗau talla ta yini a tasha, mu daina cewa sifana ce za ta zubar mata da mutunci.

Ga aikin da nake so. Kowace shugabar mata ta mazaɓa, daga Dogon Daji, Jabo, Sanyinna har Kuchi, ta rubuto mini sunan 'yan mata ko zawarawa biyu masu sha'awa, waɗanda iyayensu sunka amince. Ko da gyaran babur da janareta za su fara, ya yi. Takardar zan kai wa shugabannin jam'iyya da masu neman ƙuri'unmu da hannuna, in ce a ware muna gurbi da kuɗin kayan aiki. Idan sun zo da atamfa ku karɓa, amma ku tambaye su zancen gareji.

Sunaye su iso gare ni kafin Juma'a mai zuwa. Wadda ba ta iya rubutu ta aiko da murya.

Wassalam.