Tsohon Hannu a Sabon Fage



Mas'alarmu ta yau ta shafi wasannin faɗa na bidiyo, irin su Street Fighter, waɗanda ake gasarsu a faɗin duniya. Ga tambayar: idan aka fito da sabon wasa, shin gwanin jiya yakan koma almajiri?

Ku dubi Daigo Umehara, mutumin Japan. Bayan ya shahara tun yana saurayi, ya jingine wasa na wani lokaci, har ya yi aikin kula da tsofaffi. Amma da Street Fighter IV ya bayyana da sababbin ƙa'idojinsa, sai ya dawo ya lashe gasar EVO a Amurka a 2009, ya kuma maimaita a shekarar da ta biyo.

Malaman fiƙihu sukan rarrabe usuli da furu'a, wato tushe da rassa, kuma a ganina haka lamarin yake a nan. Sabon wasa yakan canja furu'a, ya bar usuli. Usuli shi ne sanin tazara, wato ka tsaya daidai inda shurin abokin karawa zai sari iska, ka rama kafin ya janye ƙafarsa. Usuli shi ne haƙuri, da karanta ɗabi'ar mutum, domin wanda ya saba tsalle duk sa'ad da aka matsa masa, lalle zai sake, kai kuwa ka tare shi a sama.

Haƙiƙa saurin yatsa yakan ragu da shekaru, kuma furu'ar sabon wasa tana bukatar muraja'a mai tsawo. Shi ma Daigo sai da ya zauna ya yi ta.

Mu kwana nan.