Kuza Ta Tafi, Duwatsun Jos Suna Nan

An ba ni 'yan mintuna in yi magana a kan wuraren yawon buɗe ido na tsaunukan Jos. Abin da nake so ku riƙe guda ɗaya ne: babban abin kallo a ƙasar nan shi ne tarihin kuza, kuma shi ne muka fi yin sakaci da shi.

Kafin Turawa su zo, mutanen Ririwai suna narka kuza, suna sayar wa fatake. Ita Turawa suka gani a kasuwa, suka bi sawunta har suka iso wajajen Naraguta a farkon shekarun 1900. Daga nan kamfanoni suka yi ta kwararowa. A 1914 ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso Jos da Bukur, ba don komai ba sai don jigilar kuza, kuma ya yi aiki har 1957. Wutar lantarkin da kamfanin NESCO ke samarwa da ruwan Kurra tun wajajen 1930, don injinan haƙar kuza aka fara ta. Kai, ko sunan Barikin Ladi ma, barikin ma'aikata yake tuna mana.

To su wa suka yi aikin? Talakawa ne, maza da mata, kwano a ka, suna ɗiban ƙasa daga rami. Berom da Afizere da Anaguta sun rasa gonakinsu. Hausawa da Kanuri da Tibi da Ibo da Yarabawa sun zo neman abinci. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta kame Malaya, Ingila ta matsu da kuza, sai aka kafa aikin tilas daga 1942 zuwa 1944. Aka kwaso dubun dubatar mutane daga lardunan Arewa, aka zube su cikin sanyin da ba su saba da shi ba. Da yawa ba su koma gida ba. Wataƙila cikinmu nan akwai jikokinsu.

Yanzu ku biyo ni mu zaga. Mu fara da gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952. Mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda suka haura shekara 2,000, masu haƙar kuza ne suka fara tono su a 1928 kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Kaduna ta yau. Wato da ba a haƙi kuza ba, da wataƙila har gobe suna binne. A harabar wurin akwai tsofaffin kawunan jirgin ƙasa, akwai kuma sashen gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Yaron da bai taɓa zuwa Zazzau ba zai ga irin aikin Babban Gwani da idonsa.

Mai son hawan dutse ga tsaunukan Shere, tsayinsu ya haura mita 1,800. Ga duwatsun Riyom da suka hau kan juna kamar wani ne ya jera su da hannu. Ga ruwan Assop da ke zubowa daga kan dutse a wajajen Hawan Kibo, bakin hanyar Abuja. Ga gandun namun daji na Jos. Ga sanyin nan da mutumin Sakkwato ko Maiduguri zai biya kuɗi ya zo ya sha a watan Afrilu.

Sai kududdufai. Duk wanda ya bi hanyar Bukur zuwa Barikin Ladi ya ga ramukan da kamfanoni suka bari sun cika da ruwa, ɗaruruwansu, ga tulin jar ƙasa a gefe. Da farashin kuza ya faɗi warwas a 1985, sauran masu jari suka tattara nasu ya nasu. Wasu kududdufan sun yi amfani: na Rayfield ya zama wurin shaƙatawa, wasu kuma manoman rani ke ban-ruwan dankalin Turawa da kabeji da su. Amma wasu suna cin yara da dabbobi, kuma matasan da talauci ya tura haƙa a tsofaffin ramuka, ƙasa na ruftawa da su.

Ku dubi Cornwall a Ingila. Su ma kuza suka haƙa har sana'ar ta mutu. Ba su ɓoye kufansu ba, gyara shi suka yi, a 2006 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Mu fa? Baƙo zai tsaya bakin kududdufi, babu ko allo guda da zai gaya masa abin da ya faru a nan.

Na san abin da wasu za su ce: ina batun yawon buɗe ido babu tsaro? Gaskiya ne. Rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 sun kori baƙi, babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002. Jihar da take kiran kanta gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido, sai ta riƙe na farkon kafin ta ci moriyar na biyun. Amma tarihin kuza na cikin abubuwan da kowace ƙabila a Jos ke da rabo a ciki, domin kakannin kowa sun sha wuya a rami ɗaya.

Don haka duk mai neman ƙuri'armu, kowane ne shi, mu tambaye shi abu huɗu. Yaushe za a katange kududdufai masu haɗari? Yaushe za a gyara gidan tarihi da hanyoyin zuwa Shere da Kurra? Matasa nawa za a horar su zama 'yan rakiyar baƙi? Wa zai naɗi muryar tsofaffin leburorin kuza tun suna raye? Wannan ta ƙarshe ma ba sai mun jira gwamnati ba. Kowa na da waya a aljihu, kuma dattawan nan kullum raguwa suke yi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a ramukan kuza, ya zaunar da Filato da ƙasarmu lafiya.