Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Aikin Kula Da Jin Daɗin Jama'a

Ranku ya daɗe hakimai, da ku malaman hakimai, maganata yau a kan wani aiki ce wanda yaranmu ba su cika nemansa ba, watau aikin kula da jin daɗin jama'a.

Mutane da yawa suna tsammani rabon hatsi ne da tufafi. Ko kusa. Ainihin aikin shi ne a danƙa wa ma'aikaci al'amarin mutum guda, ya buɗe masa fayil, ya bi shi ofis ofis har ya ga ƙarshensa.

Ga misali. Yarinya ta sami yoyon fitsari wajen doguwar naƙuda, miji ya sake ta, ta koma ɗakin uwarta. A asibitin Babbar Ruga ta Katsina akwai likitocin da ke wannan aiki. Amma wa zai shawo kan mahaifinta ya yarda ta tafi? Wa zai nemo kuɗin mota, ya samo mai jinya? In an sallame ta, wa zai tuna mata ranar komawa, ya raka waliyyinta gaban alƙali neman hakkinta, sa'an nan ya sa ta inda za ta koyi sana'a? Likita in ya gama nasa ya rufe littafi, alƙali ma haka. Ma'aikacin nan kaɗai ne fayil ɗinsa ba ya rufuwa sai yarinya ta tsaya da ƙafafunta. In babu shi kuwa, tsakanin ofis da ofis za ta ɓace, ba wanda zai ce laifinsa ne.

Aikin yana da doka bayansa. A 1958 Jihar Arewa ta kafa dokar yara da matasa, a 2003 Gwamnatin Tarayya ta yi dokar hakkin yara, a 2022 kuma aka sa hannu a kan dokar kafa majalisar da za ta riƙa yi wa ma'aikatan rajista. Ana koyar da shi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da waɗansu jami'o'i.

To, wane irin yaro za ku tura? Mai haƙuri, mai tsabtar rubutu, wanda in ya ji asirin gidan wani ba ya kai shi dandali. Ku malamai kun san wannan hali, da shi kuke riƙe da littattafan gunduma. Albashin ba shi da yawa, ba na ɓoye muku, mai neman arzikin gaggawa ya nemi wata hanya. Lalle ne kuma ku dubi 'yan mata waɗanda suka gama sakandare, gama namiji iyakarsa zaure, ita kuwa mai ciwon tana can cikin gida.

In ma'aikaci ya iso gundumarku, a haɗa shi da dagaci da mai unguwa tun ranar farko, a kuma rubuta zuwansa cikin littafi.